BAƊINI: ZUCIYAR WA AKA CE KA BINCIKA?



'Yan'uwa, kalmar baɗini daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta ɗaya da kalmar da Larabawa ke kiran cikin mutum da ita. Wato abin da ke can ciki, ido ba ya kai masa. Kishiyarta zahiri. A aya ta 120 ta Suratul An'am, Allah ya umarce mu mu bar zunubi na fili da na ɓoye. To wane ne na ɓoyen? Malamai sun sanya cututtukan zuciya a ciki: hassada, riya, girman kai, jiji da kai. Babu wanda zai kama ka da su, babu alƙalin da zai zauna a kansu.

Idan malamai suka ce baɗini, abu biyu suke nufi. Na farko, haƙiƙanin aiki, ruhin da ke cikinsa. Mutum biyu a sahu ɗaya, ruku'u ɗaya, sujada ɗaya, amma tsakanin sallolinsu akwai nisa mai yawa. Ku tuna hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim game da mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama: wanda aka kashe a fagen fama, da malami makarancin Alƙur'ani, da mai kyauta. A zahiri, wa ya kai su? Amma kowanne ya yi ne don mutane su faɗa, kuma an faɗa, shi ke nan ladan. Na tsakiyar nan shi ya kamata ya hana masu hawa mimbari barci.

Na biyu, mutum ya juyo da idonsa ciki ya yi wa kansa hisabi, abin da ake kira muhasaba. Haris Almuhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 243 bayan Hijira, daga nan laƙabinsa ya samo asali, saboda yawan ƙure kansa da tambaya. Imam Ghazali, a cikin Ihya'u, ya kawo misalin da kowane ɗan kasuwa zai gane. Ka ɗauki ranka kamar abokin cinikin da ka ba jari. Da safe ka gindaya masa sharaɗi, da rana ka sa masa ido, da dare ku zauna lissafi. Farillai su ne uwar kuɗi, nafilfili riba, saɓo kuma asara. Yanzu fisabilillahi, wane mai shago ne zai bar yaronsa shekara guda bai buɗe littafin ciniki ba? Amma mu sai mu shekara ba mu tambayi kanmu don me muka yi abu kaza ba.

Ga inda matsalar take. Mun iya binciken baɗini, sai dai ba namu ba, na wasu. Wani ya gina masallaci, mu ce neman suna yake. Malami ya faɗi abin da ba mu so, mu ce an biya shi. Wata ta fara sa hijabi, mu ce miji take nema. Wa ya gaya maka?

Usama ɗan Zaidu, wanda Annabi (SAW) ke matuƙar ƙauna, ya taɓa rutsa wani mutum a yaƙin da suka yi da wani ɓangare na ƙabilar Juhaina. Mutumin ya yi kalmar shahada, Usama ya soke shi, yana ganin tsoron makami ne kawai ya sa ya faɗa. Kuma in don hankali ne, zaton nasa ba shi da nisa. Duk da haka Annabi (SAW) ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya gani, ya yi ta maimaita masa maganar har Usama ya yi burin a ce sai a ranar ya musulunta. Idan a fagen yaƙi ba a yarda a yi wa mutum hukunci da abin da ake zato yana zuciyarsa ba, ina ga a Facebook?

Akwai kuma masu fakewa da baɗini. Ka ce masa ya tashi ya yi salla, ya ce maka ai imani a zuci yake. Hadisin Nu'uman ɗan Bashir ya rufe wannan ƙofa: tsokar nan da ke cikin jiki, in ta gyaru, jiki ne gaba ɗaya ke gyaruwa. Zuciyar da ta kasa tayar da kai sallar asuba, a bincike ta.

Sai dai fa a kula, muhasaba daban, wasuwasi daban. Wasu matasa kan daina limanci ko sadaka a fili wai don gudun riya. An ruwaito daga Fudailu ɗan Iyad cewa barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Ka yi aikin, ka gyara niyyar kana ciki. In dare ya yi, kafin ka ɗauki waya, ka zaɓi aiki ɗaya tak daga ayyukan yinin, ka tambayi kanka: da babu wanda zai sani, da na yi shi haka?

Wallahu a'alam.