Kimiyyar Jefa Ƙwallon Kwando Daga Nesa

Sau da yawa a filin wasa mukan ji ƙananan ɗalibai suna cewa jifa daga nesa sai dogaye masu ƙarfi. Saboda wannan zato wasu sun daina gwadawa sam. Amma in muka duba abin da muke koyo a ajin fizik, za mu ga lissafi ya fi ƙarfin dantse aiki a nan.

Wani malami mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro wasan a 1891, a makarantar ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA a Springfield, ƙasar Amurka. Tsayin zoben daga ƙasa mita 3.05 ne. A dokar wasannin ƙasa da ƙasa, tun 2010 layin maki uku yana nesa da tsakiyar zoben da mita 6.75.

Da zarar ƙwallo ta bar hannu, tafiya biyu take yi lokaci ɗaya. Tana yin gaba, ƙasa kuma tana jawo ta, tana rage mata saurin hawa da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Shi ya sa hanyarta ke lanƙwasa kamar baka, yadda Galileo na Italiya ya bayyana. Duk yaron Madadi da ya taɓa jifan tsuntsaye a gonar dawa ya ga wannan lanƙwasa da idonsa.

Ga inda asirin yake. Faɗin bakin zoben santimita 45 ne, na ƙwallon kuwa kimanin 24. Mu ajiye bokiti a ƙasa mu tsaya a kansa, za mu ga bakinsa a buɗe sarai. Mu ja da baya mu tsuguna, sai bakin ya tsuke. Haka zoben yake ga ƙwallo. In ta sauko a kusurwar digiri 45, ƙofar da ta rage mata kusan santimita 32 ce. In ta zo a kwance, a digiri 30, ƙofar ta koma santimita 22 da rabi, ba ta kai faɗin ƙwallon ba ma. Dole ta bugi ƙarfe. Don haka mai jifa a miƙe kamar mai jifan mangwaro, kansa yake cuta.

To, a ina za a sami ƙarfin? Daga layin maki uku, in aka sake ta a wajen digiri 50, ana bukatar saurin kusan mita 9 a daƙiƙa, tafiyar kuma ta ɗan wuce daƙiƙa ɗaya. Hannu kaɗai zai gaji. Sai mu lanƙwasa gwiwa, ƙafafu su tura jiki sama, hannu ya daidaita hanya. A ƙarshe yatsu su murza ƙwallon ta riƙa juyawa baya, domin in ta taɓa zoben gudunta ya ragu ta faɗa ciki.

Lokacin hunturu kuma mu lura da iska, gama a buɗaɗɗen fili takan karkatar da doguwar jifa.

Stephen Curry na Amurka, wanda a 2021 ya zarce kowa yawan cin maki uku a gasar NBA, ba ya cikin dogayen gasar. Saboda haka, 'yan'uwa, kada gajarta ta hana kowa fitowa fili. Allah ya ba mu hankali, sai mu haɗa shi da naci, gama a juri zuwa rafi wata rana tulu zai cika.