Kada Ka Raina Ƙaramar Baiwa

Ya kai mai karatu, ko kana ɗinki a Fagge, ko kana tsaron shago a kasuwar Sabon Gari, ka tambayi kanka: da ka sha ruwan randa ɗazu, ka ji sanyinsa? Ko kuwa bakinka na sha, zuciyarka tana can wajen bashi da kuɗin haya?

Ka sani damuwa ba ta tsayawa a zuciya kaɗai. Sa'ad da mutum ya shiga fargaba, jikinsa yakan zuba waɗansu sinadarai cikin jini, zuciya ta ƙara bugawa, jini ya hau, barci ya ƙaura. Wannan shiri ne domin gudun haɗari na ɗan lokaci. Amma wanda ya kwana da shi, ya tashi da shi shekara da shekaru, lallai yana cin jikinsa kamar yadda gara ke cin azara.

A shekarar 2003 waɗansu masana biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, suka bayyana wani gwaji. Sun sa waɗansu mutane su riƙa rubuta abu biyar da suke godiya dominsu kowane mako, waɗansu kuwa su rubuta abin da ya ɓata musu rai. Bayan mako 10, masu godiya suka fi jin daɗin zamansu, kukan ciwon jiki kuma ya fi ƙaranci a wurinsu.

To, ina za ka sami abin godiya? Ba sai ka yi nisa ba. Ga ɗumin rana da safiyar hunturu. Ga ƙosai mai zafi da koko. Ga inuwar darbejiya da tsakar rana, da ƙanshin ƙasa ran da ruwan fari ya sauka, da maƙwabci wanda ya tsaya ya tambayi lafiyar iyalinka. Dukiya tana da fiffike: a 2016 gobara ta cinye shaguna masu yawa a kasuwar Sabon Gari cikin dare ɗaya. Amma waɗannan ƙananan baiwa wuta ba ta cin su. Ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Ga abin da za ka yi. Idan za ka ci abinci, ka zauna, ka ci a natse. Idan an gaishe ka, ka amsa da zuciya ɗaya. Kafin ka kwanta, ka ƙirga abu uku da suka faranta maka rai yau, ka gode wa Allah saboda kowannensu da sunansa.

Amma ka lura, godiya ba ta hana zuwa asibiti. Idan kana da hawan jini, ka sha maganinka. Idan baƙin ciki ya daɗe bai sake ka ba, ka faɗa wa likita, gama wannan ba abin kunya ba ne.

Yau da dare, wane abu uku za ka ƙirga?