Awon Lakar Da Rafi Ke Ɗauka

Manoman Ƙaraye da Rogo, kun san yadda rafukanku ke yin ja wur bayan ruwan farko. To, jan nan ƙasar gonakinku ce. Galibinta tana gangarawa kogin Challawa, ta kwanta a madatsar da aka gama ginawa a Ƙaraye a 1992. An gina ta don ta ci ruwa mita murabba'i mai zurfi wajen miliyan 900, amma duk inda laka ta zauna, ruwa ya rasa wuri.

Ma'aikatan ruwa suna auna wannan da na'urori. A bakin teku, kamar Ikko, aikinsu ya fi wuya, don ruwa yana cikowa ya janye sau biyu a yini, sai su yi ta awo sa'a bayan sa'a. Namu rafin kuwa gaba ɗaya ya sa, ko ɗan makaranta ya iya gwadawa.

Nemi inda rafi ya miƙe, ka kafa turaku biyu a gaɓa, tsakaninsu mita 10. Jefa guntun kara a tsakiyar ruwa, ka duba agogo. A ce ya ci daƙiƙa 16. Ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu, saboda haka sai ka rage kashi ɗaya cikin biyar, watau gudun ya zama rabin mita a daƙiƙa. In faɗin rafin mita 4 ne, zurfinsa rabin mita, to lita 1,000 ke wucewa kowace daƙiƙa.

Sa'an nan ka cika kwalba mai cin lita ɗaya. Kada ka ɗiba a bakin gaɓa, kada kuma ka bari kwalbar ta taɓa ƙasa, sai awon ya yi ƙarya. Ajiye ta kwana biyu, tsiyaye ruwan a hankali, shanya lakar, ka kai wa mai sikelin zinariya. In ta yi giram ɗaya, kilo ɗaya ke nan a daƙiƙa, buhu 36 masu cin kilo 100 cikin sa'a guda. 'Yan kasuwa, ku lissafa!

Awo ɗaya dai ba ya isa. Maimaita a farkon damina, da cikin Agusta sa'ad da shuka ta rufe ƙasa. Lalle a rubuta kwanan wata, kuma kada a shiga rafi yana ambaliya.