Tallafin Toshe Gida Daga Sanyi a Amurka: Shawarwari Ga Magidanta

Wanda ya tashi a gidan ƙasa mai rufin azara ya san amfanin kaurin bango. Da rana tsaka ɗaki na nan da sanyinsa, da daren hunturu kuma yana riƙe ɗumi. Yawancin gidajen Amurka na katako ne, cikin bangonsu fanko. Abin da ke tsaya musu a madadin kaurin nan shi ne kayan da ake cusawa cikin bango da saman silin: audugar gilashi, ko niƙaƙƙiyar takarda, ko kumfa mai daskarewa. A can insuleshan ake ce masa. In babu shi, ko ya tsufa ya kwanta, sai hita ta kwana tana aiki ɗumi na tserewa ta rufi, takardar kuɗin gas ta Janairu ta zo ta hana ka barci. Abin da ke damuna shi ne 'yan'uwanmu da yawa, daga Bronx har Greensboro, ƙara bargo kawai suke yi suna biya, alhali akwai kuɗin da aka ware musamman domin wannan gyara. Ga hanyoyin da ake bi a same shi.

1. Fara da kamfanin da ke ba ka wuta ko gas, kuma tun kafin ka sayi ko da ƙusa ɗaya. A jihohi da dama akwai wani ɗan kuɗi da ake ɗorawa a kan takardar wuta kowane wata, ana tarawa domin ayyukan rage ɓarnar makamashi. Wato rangwamen da za ka nema ba sadaka ba ce, da guminka a ciki, don haka babu abin jin nauyi. A jihar Massachusetts, shirin Mass Save da kamfanonin wuta da gas ke gudanarwa yana ɗauke wa magidanci kashi 75 cikin 100 na kuɗin insuleshan, mai ƙaramin ƙarfi kuwa har ɗari bisa ɗari. Ba kowace jiha ke da hannu sake haka ba, amma tambaya ba ta cin komai. Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne su gama aiki sannan su nemi a mayar musu da kuɗi. Shirye-shirye da yawa ba sa biyan aikin da aka yi ba da saninsu ba.

2. Bari a zo a duba gidan. Kamfanoni da dama kyauta suke turo mai dubawa, ko a kan kuɗi kaɗan. Zai rufe tagogi, ya ɗaura wani ƙyalle mai kauri a ƙofar gaba da babbar fanka a tsakiya, ya kunna ta tana zuƙe iskar cikin gida waje. Daga nan sai ku bi ɗaki ɗaki tare. Ka kara bayan hannunka a bakin soket, ko ƙarƙashin wurin wanke kwanuka inda famfo ya ratsa bango, ko gefen murfin hawa saman silin, za ka ji siririyar iska mai sanyi tana busowa kamar ta bakin mabusa. Nan kuɗinka ke zurarewa. Shi ya sa ake fara toshe kafofin nan kafin a shimfiɗa insuleshan, domin audugar gilashi ba ta tare iska, tace ta kawai take yi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa toshe kafofi tare da ƙara insuleshan na rage kusan kashi 15 cikin 100 na kuɗin ɗumama gida da sanyaya shi. Rahoton da mai dubawar zai ba ka, adana shi da kyau, shi ne mabuɗin sauran ƙofofin.

3. In samunka bai da yawa, nemi shirin WAP. Na gwamnatin tarayya ne, an kafa shi tun 1976, ma'aikatar makamashi ke ba jihohi kuɗin, jihohi kuma su miƙa wa ƙungiyoyin taimakon al'umma na kowace gunduma. Iyalin da samunsu bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya ba sun cancanta, kuma ma'aunin yana hawa ne da yawan mutanen gida, saboda haka mai iyali da yawa kada ya yanke wa kansa hukunci tun bai tambaya ba. Aikin kyauta ne. Ana ba tsofaffi da masu naƙasa da gidajen da ke da yara fifiko. Matsalarsa layi, wani lokaci sai an yi watanni ana jira, don haka da bazara ake nema, ba sai dusar ƙanƙara ta sauka ba. Tanadi shaidar albashin duk mai aiki a gidan da takardun wuta na baya. Kada a haɗa shi da LIHEAP: wannan yana taimaka maka biyan kuɗin wutar ne, WAP kuwa gidan yake gyarawa. A wurare da yawa ofis ɗaya ke karɓar takardun duka biyun.

4. Ɗan haya ma yana da rabo. WAP na gyara gidan haya muddin mai gidan ya sa hannu ya yarda. Ka same shi da takardar a hannu, ka nuna masa gidansa ne zai ƙara daraja.

5. Ragin haraji na tarayya ya zo ƙarshe, amma wasu suna da saura. Dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022 ta ba mai gida damar zare kashi 30 cikin 100 na kuɗin kayan insuleshan daga harajinsa, har zuwa dala 1,200 a shekara, ciki har da dala 150 na kuɗin duba gida. Wata dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta tsayar da ragin ga duk aikin da aka kammala bayan 31 ga Disamba 2025. To, wanda ya yi nasa aikin tsakanin 2023 da 2025 bai nema ba, ya binciko rasit ɗinsa. Da fom mai lamba 5695 ake nema, kuma ana iya gyara takardar harajin da aka riga aka shigar da fom 1040-X cikin shekara uku. Sharuɗɗan dai a kiyaye su: gidan naka ne kuma a ciki kake zaune, kuɗin kaya ake lissafawa ban da ladan ma'aikata, a cire abin da kamfanin wuta ya riga ya biya maka, sannan ragin ba ya wuce harajin da ake bin ka a shekarar. Duk ɗan kwangilar da ya zo yau yana yi maka alkawarin wannan ragi a kan sabon aiki, ka yi hattara da shi.

6. Leƙa shafin ofishin makamashi na jiharka. Dokar nan ta 2022 ta kuma ware wa jihohi kuɗin rangwame, wanda a ciki akwai har dala 1,600 na insuleshan da toshe kafofi ga iyalai masu ƙarami da matsakaicin samu. New York ce ta fara buɗe nata a 2024. Kowace jiha da nata lokaci da nata tsari. Akwai kuma rumbun bayanai na DSIRE a intanet, wanda wata cibiya ta jami'ar jihar North Carolina ke kula da shi: ka sa lambar yankinka, ya jero maka shirye-shiryen da ke kusa da kai.

7. Ɗauki ɗan kwangila daga jerin waɗanda shirin ya amince da su, ko da ɗan'uwanka na masallaci ya ce zai yi maka da arha. Na san wannan da nauyi a wurinmu, amma in sunansa ba ya cikin jerin, rangwamen na iya salwanta. A sa a rubuta maka a rasit irin kayan da aka sa, faɗin wurin, da lambar R, wadda ke nuna ƙarfin tare zafi. A jihohi masu tsananin sanyi, saman silin yakan buƙaci daga R-49 zuwa R-60. A rasit ɗin a ware kuɗin kaya daban, ladan aiki daban. Ka ɗauki hoto kafin aiki da bayansa.

8. In gidan tsoho ne, leƙa saman silin da tocila, amma kada ka taɓa komai. Idan ka ga wasu ƙananan tsakuwoyi masu ƙyalli, ruwan toka ko ruwan ƙasa, wataƙila tsohon insuleshan ne da ake kira bamikulait. Mafi yawan wanda aka sayar a Amurka kafin 1990 daga wata mahaƙa ya fito a garin Libby na jihar Montana, kuma yana gauraye da asbestos mai lalata huhu. Kada a share shi, kada yara su hau wurin, ƙwararru kaɗai ke kwashe shi. Haka ma tsofaffin wayoyin wuta masu bi ta kan ƙullutun tangaran, ba a binne su cikin insuleshan sai mai gyaran wuta ya duba, don gudun gobara. Gidan da aka toshe sosai kuma ba ya shan iska kamar da, saboda haka a sa mai aikin ya gwada tukunyar ɗumama gida da ta ruwan zafi kafin ya tafi, a kuma maƙala na'urar ƙararrawar iskar kabon monoksaid kusa da ɗakunan kwana.