Shawara Ga Iyalan Masu Raunin Fahimta a Gabukka

Jama'ar Gabukka, baligi mai raunin fahimta kan yini zaune a gida, har ƙiba da hawan jini su kama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane baligi, har mai naƙasa, ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Ku fara da tattakin minti goma bayan la'asar, ko ƙwallo a filin wasa na Pantami. Da ya gama, ku yaba masa nan take, ku ba shi kankana ko sabuwar hula, ban da alawa. In ya saba, ku rage kyauta, yabo ya ɗore. Mai farfaɗiya ya fara ganin likita kafin ya soma motsa jiki. Lafiyarsa amana ce a wuyanku.