Darasi na Goma Sha Biyu: Tsiro Tsakanin Ƙudan Zuma da Tururuwa

A kudu maso yammacin jihar Aidaho ta ƙasar Amurka akwai wani ɗan tsiro da ba a samunsa ko'ina a duniya sai can. Masana suna kiransa Lepidium papilliferum. Ɗan'uwan lansir ne, wanda Hausawa suke kwaɗawa, kuma yana da ƙananan furanni farare. Ba ya tsira a kowace irin ƙasa. Wurinsa shi ne wasu 'yan filaye masu laka da gishiri, inda ruwa yake kwanciya bayan an yi sama. Saboda ƙarancinsa, a shekarar 2009 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin tsirran da ake tsoron ɓacewarsu.

Wannan tsiro ba ya yin iri sosai sai ƙwari sun taimake shi. Ƙudan zuma da ƙudaje da ƙananan buzuzu suna sauka a kan furanninsa don neman abinci. Garin fure yakan manne a jikinsu, su kai shi kan furen wani tsiron. Masu bincike sun rufe wasu furanni don kada ƙwari su taɓa su, sai suka ga 'ya'yan da suka yi kaɗan ne ƙwarai.

To, amma idan iri ya nuna, sai wasu ƙwarin su zo da tasu buƙata. Waɗannan su ne tururuwa. Kamar yadda tururuwar ƙasar Hausa take jan hatsi daga masussuka zuwa raminta, haka waɗannan suke kwashe irin, wani daga ƙasa, wani ma tun yana kan uwarsa. Tsiron da ya fito kusa da gidansu yakan rasa mafi yawan irinsa. Wannan babbar asara ce, domin tsiron ba ya wuce shekara ɗaya ko biyu a raye. Irin da ya kwanta cikin ƙasa, wanda zai iya jiran shekara mai ruwa, shi ne kawai ajiyarsa.

Tururuwa ba baƙuwa ba ce a wurin. Tun da can suna zaune tare. Abin da ya sauya shi ne dajin. A da, wani ƙaramin itace ɗan'uwan tazargade ne ya rufe ƙasar, tururuwa kuwa ba ta cika yin gida a inda ya yi yawa ba. Sai wata baƙuwar ciyawa mai saurin bushewa ta shigo, gobarar daji ta yawaita, itatuwan suka ƙone. Fili ya buɗe, gidajen tururuwa suka matso kusa da tsiron.

Tambayoyi

1. Wane aiki ƙudan zuma suke yi wa wannan tsiro?
2. Me ya sa asarar iri ta fi cutar da tsiro mai gajeren rai?
3. Bayyana yadda gobarar daji ta amfani tururuwa.