Gwangwani da kaye

A wani ƙauye na jihar Maraɗi akwai makaranta mai aji uku. Kowace safiya, kafin a shiga aji, malam yakan tsai da yara a fili ya ce: "Ku ɗaga kai ku dubi sama. Mi kuka gani?" Yara su dubi gajimare. Su dubi ƙyallen da aka ɗaura a kan sanda, don su gane inda iska take fitowa. Sa'an nan ɗaya daga cikinsu ya rubuta abin da aka gani cikin wani babban kaye. Sunansa kayen yanayi. Kowa da ranarsa ta rubutu.

Cikin hunturu, rubutu ya faɗo kan Auta, ƙaramar ajin. Ta kama alƙalami ta rubuta, ta miƙe ta karanta. Malam ya duba kayen, ya kwafe jimlarta a babban allo yadda take: "Yau kura ta taso daga gabas."

Aji ya fashe da dariya. Wani yaro ya ce: "Malam, a rufe ƙofa kada ta shigo!"

Malam ya ce: "Auta ta gani daidai, lanƙwasa guda ce ta manta." Ya rubuta kura, ya rubuta ƙura. Ta farko dabba ce mai yawon dare. Ta biyu ita ce ta rufe gari yau. Kusa da su ya rubuta la poussière da Faransanci, ya ƙara le vent da la pluie, wato iska da ruwan sama. Auta ta ji kunya ƙwarai. Amma daga ranar ba ta sake barin ƙ babu lanƙwasa ba.

Da yara suka karanta kayen tun daga farko, sai suka ga abin mamaki. Watanni da yawa iska tana fitowa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara. Busasshiya ce, tana fasa leɓe da diddige. Da bazara ta shigo, sai ƙyalle ya juya. Iska ta koma fitowa daga kudu maso yamma, daga wajen teku, ɗauke da laima. Ita ce take kawo damana. Hadari kuwa yawanci daga gabas yake tasowa.

Malam ya kawo wani gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya. Aka kafa shi a tsakiyar fili, nesa da itatuwa da rufin aji. In an yi ruwa, da safe a tsoma sandar awo a ga tsawon ruwan da ya taru. Da milimetir ake auna ruwan sama. Milimetir 1 yana nufin litir 1 ya zuba a kan fili mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1. A Gaya, can kudu, akan samu wajen milimetir 800 a shekara. A Bilma kuwa sau da yawa ba a samun ko 20. Bayan babban farin 1973, an kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. Masana na wurin suna tattara awon ruwa na ƙasashen Sahel, kamar yadda yara suke tara nasu cikin kaye.

Wani dare, a ƙarshen watan Mayu, ruwan farko ya sauka. Gari ya cika da ƙamshin ƙasa. Da asuba mutane suka fito da sungumi. Auta ta ruga makaranta, ta tsoma sanda cikin gwangwani, ta rubuta: "Jiya da dare an yi ruwa, milimetir 8." Malam ya ce: "Malaman gona sukan ce a jira wajen milimetir 20 kafin a shuka hatsi."

Auta ta koma gida a guje. Ta iske babanta ya sauko da iri daga rumbu. Irin ke nan da ya rage musu, babu wani.

Ta durƙusa ta ce: "Baba, ruwan jiya bai kai na shuka ba. Milimetir 8 ne kawai. Ni na auna, ni na rubuta."

Baba ya ce: "Ke Auta, gwangwani ne zai koya mini noma? Ga maƙwabta can sun tafi gona."

Kaka yana zaune a kan tabarma yana jin su. Bai ce kome ba. Ya ɗauki sandarsa ya nufi bakin gona, su biyu suna biye da shi. Ya tona ƙasa da hannu. Bai kai tsawon yatsa ba sai ya tarar da busasshen rairayi. Ya kaɗe hannu ya ce: "Yarinyar nan ta yi gaskiya. Wannan ruwan kwantar da ƙura ne. Mai da iri rumbu."

Baba ya mai da iri, ransa ba daɗi. Kwana ɗaya, kwana biyu, har kwana goma sha ɗaya, babu ko ɗigo. Kowace safiya yara suna rubuta abu guda: "Rana ta yi zafi, babu ruwa." A gonakin da aka shuka, hatsi ya tsiro, ya yi yaushi, ya ƙone. Wasu sai da suka nemi rancen iri.

Ran na goma sha biyu, da la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso, tsawa ta biyo baya, aka kwana ana ruwa. Da safe gwangwani ya nuna milimetir 27. Kaka ya tona ƙasa har wuyan hannu, duk laima. Baba yana gaba yana sara da sungumi, Auta da yayyenta suna biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa.

Da aka zo ba da babban hutu, malam ya tambayi wanda zai riƙe kayen har a dawo, domin watan Agusta ne ya fi kowane wata ruwa. Baban Auta da kansa ya zo makaranta ya ɗauki gwangwanin, ya kafa shi a filin bayan gidansa.

Tambayoyi

1. Wane kuskure Auta ta yi cikin rubutunta?
2. Daga ina iskar hunturu take fitowa? Ta damana fa?
3. Don mi ake kafa gwangwani nesa da itatuwa?
4. Ta yaya kaka ya gane ruwan farko bai isa shuka ba?

Aiki

Ku nemo kalmomi biyar masu ƙ cikin wannan darasi, ku kwafe su. Gobe da safe ku dubi sama, ku rubuta jimla biyu a kan abin da kuka gani, ɗaya da Hausa, ɗaya da Faransanci.